Rana da Zuciyar Ɗan'adam: Tsakanin Zafin da Muke Ji da Guguwar da Ba Ma Gani

A shekarar 2024 rana ta yi abubuwa biyu da suka cika labaran duniya, kuma makonni biyar ne kacal tsakaninsu. A ranakun 10 da 11 ga Mayu, wani tarin ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da rana ta watso ya iso duniya, ya girgiza maganaɗisun da ke kewaye da ita girgizar da ba a ga irinta ba tun 2003, har sama ta yi ja da dare a Fulorida da Meziko da tsaunukan Ladak na Indiya, wuraren da ba su saba ganin haka ba. A tsakiyar Yuni kuma, ana cikin aikin Hajji, ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8. Da aka gama ƙidaya, Ministan Lafiya na Saudiyya, Fahad Al-Jalajil, ya sanar da rasuwar alhazai 1,301, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu marasa tasrihi, wato izinin aikin Hajji, waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba tanti ba mota mai sanyi, cikinsu har da tsofaffi da masu cutar da ta daɗe a jiki.

Duka abubuwan biyu ana danganta su da ciwon zuciya, kuma duka biyun akwai masana na gaske da suka shafe shekaru suna bincike a kansu. Amma yadda muke karɓarsu a gidajenmu na Makka da Jidda da Madina ya sha bamban. Labarin abin da ke zuwa daga sama yana yawo da sauri. Akwai ma wani tsohon saƙon ƙarya da ke dawowa a WhatsApp lokaci-lokaci, mai cewa a kashe waya a nisanta ta da jiki tsakar dare domin wasu haskoki masu haɗari za su gifta kusa da duniya, kuma ba a rasa hajiyar da za ta tura shi ga 'ya'ya da jikoki da kyakkyawar niyya. Zafi kuwa ɗan gida ne, a cikinsa aka haifi wasunmu, wasu kuma sun yi shekara talatin suna shan sa, don haka ba ya cikin abin da ake yi wa gargaɗi. Idan aka ɗora hujjojin likitanci a kan sikeli, za a tarar an bar jaki ana dukan taiki.

Jikin mutum yana riƙe zafinsa na ciki a kusa da digiri 37, kuma babbar hanyar da yake da ita ta fitar da zafin da ya wuce kima ita ce ya kai jini fata, gumi ya fito ya bushe, jinin ya huce ya koma ciki. Mutumin da ke zaune a inuwa, zuciyarsa tana harba jini kamar lita biyar a minti ɗaya, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ke zuwa fata. Idan zafi ya tsananta, jijiyoyin fata sukan buɗe har jinin da ke bi ta cikinsu kaɗai ya kai lita bakwai ko takwas a minti ɗaya, wato ya zarce duk abin da zuciyar take harbawa kafin a shiga rana. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙafafun da ke tafiya ba su daina neman rabonsu ba, saboda haka tilas zuciya ta ninka aikinta, ta ƙara sauri, ta ƙara ƙarfin matsawa. A daidai wannan lokacin kuma ruwan da ke cikin jini yana raguwa, domin mai tafiya ko mai aiki a rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Abin ya yi kama da injin ban-ruwa da aka ƙara wa fadama ta biyu a ranar da rijiyar ta fara janyewa.

Saurayi mai lafiya zai jure wannan, har ya dawo gida yana alfahari. Wanda jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyarsa suka tsuke saboda kitse ko ciwon suga ko taba, shi ne abin ke kayarwa, domin zuciyar da ta ninka aiki tana neman ninkin iska, hanyar da iskar za ta bi kuwa ta riga ta ƙuntata. Sa'annan jinin da ya rasa ruwa yana yin kauri, ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa suna ƙara yawa a cikinsa, abin da likitan Ingila William Keatinge da abokan aikinsa suka auna a jikin mutane tun cikin shekarun 1980. Gudan jini ɗaya ya isa ya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa. Gumi kuma yana tafiya da gishirin jiki, kuma idan sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa, tsarin bugun zuciya yakan rikice, wani lokaci rikicewar da ba ta ba da zarafin isa asibiti.

Akwai wani zato da ya kamata a gyara a nan. Mutane da yawa suna ɗauka cewa zafi yana hawar da jini, alhali ga yawancin mutane akasin haka ne: jijiyoyi sun buɗe, ruwa ya ragu, don haka awon jini yakan sauka a lokacin zafi, ya hau a lokacin sanyi. Mai hawan jini da aka daidaita masa magani a watan Janairu yana iya samun kansa a watan Yuli yana ganin jiri idan ya miƙe daga sujada ko ya tashi daga kwance, ba don cutar ta ƙaru ba, sai don maganin ya tarar da jinin ya riga ya sauka. Magungunan da ke sa yawan fitsari, irin su Lasix, suna ƙara zuƙe ruwan jiki. Waɗanda ke rage saurin bugun zuciya, irin su Concor da ke cikin jakar dattawanmu da yawa, suna taƙaita yadda zuciya za ta iya ƙara sauri lokacin da fata ke neman jini. Wannan ba dalilin daina magani ba ne, domin yanke irin na biyun nan rana ɗaya haɗari ne mai zaman kansa. Dalili ne na komawa wurin likita kafin zafi ya kama ko kafin a ɗaura harami, a tambaye shi ko awon da ake sha yana nan daidai.

Duk wanda ya taɓa yi wa dattijo hidima a Mina ya san yadda abin yake faruwa a zahiri. Da asuba ya sha ƙwayar fitsarinsa kamar yadda ya saba a gida. Da hantsi ya leƙa ya ga layin banɗaki, ya auna gwiwoyinsa, ya yanke shawara a zuci ba tare da ya gaya wa kowa ba. 'Yarsa ta miƙo masa gorar ruwa ta ce, "Baba, ka ɗan sha mana," shi kuma ya kurɓi abin da bai wuce jiƙa leɓe ba, ya ce, "Bari dai, 'yar nan, ba na jin ƙishi." Kuma ba ƙarya ya yi ba, domin tsufa yana dusashe jin ƙishirwa, kamar yadda yake rage gumi. Bayan azahar ya bi jama'a zuwa jifa, tafiyar kilomitoci a kan kwalta. Idan ya faɗi a hanya, za a ce zuciyarsa ce ta buga, kuma gaskiya ne, amma shawarar da ya yanke da hantsi a gaban layin banɗaki tana cikin abin da ya kai shi. Binciken da aka yi a kan mace-macen alhazai ya daɗe yana nuna cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne kan gaba wajen ajalinsu.

Shawarar "a sha ruwa da yawa" ma ba ta kowa ba ce. Wanda zuciyarsa ta raunana har ƙafafunsa ke kumbura, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, an riga an ƙayyade masa abin da zai sha, kuma idan ya zarce, huhunsa ruwan zai nufa. Irin wannan majinyaci yana tsakanin haɗari biyu, kuma abin da ya fi masa shi ne kada ya shiga ranar tun farko.

Lambar da ake faɗa a hasashen yanayi ba ta ba da cikakken labari. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, kuma ba ya bushewa a iskar da ta riga ta cika da laima. Shi ya sa digiri 38 a Jidda ko Jizan ko Dammam ke iya wahalar da zuciya fiye da 44 a busasshiyar iskar Riyad: a bakin teku mutum yana jiƙewa sharkaf, yana asarar ruwa, amma bai huce ba. Daren da bai yi sanyi ba shi ma yana da nasa lissafi, domin a cikin barci ne bugun zuciya da awon jini ke sauka su huta, kuma mai kwana a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace, ko ake kashe shi saboda kuɗin wuta, yana wayar gari da bashin jiya a jikinsa.

Gaskiya ne jiki yana sabawa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu na shiga zafi, ruwan jini yakan ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinsa ya ragu. Wannan ne ya sa mai tura keken marasa ƙarfi a Harami yake yin abin da baƙon da ya sauka shekaranjiya ba zai iya ba. Amma sabo yana gushewa idan mutum ya koma zaman ɗaki mai sanyi, kuma sabo ba ya buɗe jijiyar da ta tsuke. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan ma'aikata 'yan Nepal a Katar ya nuna cewa mace-macen da aka rubuta a matsayin na zuciya sun fi yawa sosai a watannin zafi, alhali yawancinsu matasa ne da aka duba lafiyarsu kafin su baro gida. A Saudiyya doka ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuma doka ce mai kyau. Sai dai da yawa daga cikin mutanenmu babu kamfani a kansu: mai wankin mota, mai dako, matar da ta baza kaya a bakin titi, kowa shi ke sa kansa aiki. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu kuma yakan daure ciwon ƙirji kwana biyu kafin ya yarda a kai shi asibiti, kuma wannan jinkirin yana kashewa fiye da yadda ake faɗa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, sanyi ya fi zafi kashe masu ciwon zuciya. Barrak Alahmad, wani likita ɗan Kuwait da ke bincike a Jami'ar Harvard, ya jagoranci nazarin mace-macen zuciya da jijiyoyin jini sama da miliyan 32 a birane 567 na ƙasashe 27, daga 1979 zuwa 2019. A cikin kowace mutuwa 1,000, an danganta ƙarin 2.2 da ranakun tsananin zafi, ƙarin 9.1 kuma da ranakun tsananin sanyi. A Ingila da Wales, wani nazari na 2010 ya gano cewa saukar zafin yini da digiri ɗaya tana tafiya da ƙarin kusan kashi 2 cikin ɗari na bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke ciyar da ita, a cikin makonni huɗu masu biyowa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin fata, jini ya hau, zuciya ta riƙa turawa a kan ƙofar da aka ƙara dannewa, kuma jinin yana ƙara saurin daskarewa. Mura mai tsanani ma tana zuwa da sanyi, kuma wani bincike na Kanada a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau shida a makon da aka tabbatar mutum ya kamu da ita.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Wani nazari da aka yi a Turai a 1997 ya nuna cewa sanyi ya fi kashe mutanen Atina ta ƙasar Girka, inda hunturu ba shi da ƙarfi, fiye da mutanen Finlan, domin na arewa sun shirya masa da gidaje masu ɗumi da tufafi masu kauri, na kudu kuwa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Mu ne irin mutanen Atina. Gidajenmu an gina su ne don zafi, da daɓen tayil da tagogin da iska ke ratsawa. A kwanakin Murabba'aniyya, kwana arba'in na tsananin sanyi da ke farawa a farkon Disamba, daren Madina da Riyad yana yin sanyi na sosai, a Tabuk da Turaif kuwa ruwa har ƙanƙara yake yi. Dattijo ya fito daga bargo ya yi alwala da ruwan famfo mai sanyi ya nufi masallaci da jallabiya ɗaya, a daidai farkon safiya, lokacin da tun 1985 aka tabbatar bugun zuciya ya fi aukuwa. Wasu kuma sukan shigar da garwashi ɗaki su rufe ƙofa, iskar gubar da ke fita daga gawayi ta hana jini ɗaukar iska mai kyau, abin da jami'an kashe gobara ke gargaɗi a kai duk shekara. Tun da lokacin Hajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kafin 2040 zai faɗo tsakiyar hunturu, kuma a lokacin kwanan Muzdalifa a fili cikin ƙyalle biyu ne zai zama abin lissafi ga mai ciwon zuciya.

Ƙura tana da nata kaso. Ƙananan ƙwayoyinta suna shiga can cikin huhu, su tayar da kumburi a jijiyoyin jini, kuma wanda ya ga yadda Riyad ta koma ja a guguwar 10 ga Maris 2009 ya san abin da ake shaƙa a irin wannan rana. Nauyin iska da ƙarfin kaɗawarta su ma an same su da ɗan tasiri a wani babban nazari na Suwidin da ya duba bugun zuciya kimanin 274,000, amma ko a can sanyi ne ya fi fitowa fili.

Duk waɗannan abubuwan suna da sifa ɗaya: an san hanyar da suke bi su isa zuciya, ana iya sa mutum a ɗaki mai zafi ko sanyi a auna canjin nan take, kuma alƙaluman ƙasashe daban-daban suna nuna hanya ɗaya. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna batun maganaɗisu.

Duniya tana da maganaɗisunta, wanda narkakken ƙarfen da ke juyawa a cikinta ke samarwa, kuma shi ne ke juya allurar da ake neman alƙibla da ita. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, tana lafawa tana tashi. Zagayen da ake ciki ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwa. Idan ta watso tarin ƙwayoyinta kuma suka nufo mu, sukan iso cikin kwana ɗaya zuwa uku su girgiza wannan maganaɗisu. Ƙarfin abin ba wasa ba ne ga na'urori. A Satumba 1859 wayoyin tangarahu sun yi tartsatsi a Turai da Amurka, a 13 ga Maris 1989 lardin Kwibek na Kanada ya yi awa tara babu wuta, a Mayu 2024 kuma taraktocin manoman Amurka masu bin tauraron ɗan'adam sun ɓata layi ana tsakiyar shuka. Tambayar ita ce ko abin da ke yi wa wayar lantarki mai tsawon ɗaruruwan kilomita haka yana yi wa jikin da bai kai mita biyu ba wani abu.

Tunanin ya tsufa. Alexander Chizhevsky, wani masani ɗan Rasha da ya rasu a 1964, ya danganta zagayen rana da annoba har da juyin juya hali, kuma har yau a Rasha da maƙwabtanta jaridu suna buga hasashen guguwar maganaɗisu kusa da na ruwan sama, masu hawan jini suna shirya masa. Daga baya aka samu bincike mai tsari. A 2014 Valery Feigin da abokan aikinsa suka duba mutum 11,453 da suka samu shanyewar ɓarin jiki a Niyu Zilan da Ostareliya da Birtaniya da Faransa da Suwidin, suka ga haɗarin ya ƙaru da kashi 19 cikin ɗari a lokutan guguwa. A 2019 masu bincike a Harvard suka duba mace-mace a birane 263 na Amurka, suka ga ɗan ƙari a ranakun da maganaɗisu ya motsa, ƙarin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A nan Saudiyya ma an yi: Dakta Abdullah Alabdulgader na Cibiyar Zuciya ta Yarima Sultan da ke Hufuf a Al-Ahsa ya sa wa mata 16 na'urar da ke rubuta bugun zuciya awa 72 a jere kowane mako har wata biyar, kuma sakamakon da aka wallafa a 2018 ya ce saurin bugun da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu suna canzawa tare da abin da rana ke yi.

Saboda haka ba daidai ba ne a ce maganar tatsuniya ce. Amma akwai dalilai masu ƙarfi na riƙe ta da sassauci, kuma na farkonsu girman abin ne. Ƙarfin maganaɗisun duniya, a ma'aunin da ake kira nanotesla, yana tsakanin 25,000 zuwa 65,000, ya danganta da inda mutum yake. Guguwar Mayu 2024, wadda ta fi kowace ƙarfi cikin shekara ashirin, ta rage shi da kimanin 400 a yankuna irin namu da ke nesa da ƙuryar arewa da ta kudu, wato wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Mutumin da ya shiga lif ko ya zauna cikin mota ya samu canjin da ya fi wannan saboda ƙarfen da ke kewaye da shi. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita ta ninka maganaɗisun duniya wajen sau 30,000, kuma miliyoyin mutane suna shiga su fito kowace shekara. Mai ɗauke da batirin zuciya ma, maganaɗisun da ke iya sauya aikin na'urarsa sai ya kai wajen nanotesla miliyan ɗaya, don haka lasifikar da ya rungume ta fi guguwar rana zama abin kula a gare shi.

Masu goyon bayan ra'ayin suna da amsa, kuma amsar tana da ma'ana: sun ce ba girman canjin ba ne, kaɗawarsa ce, domin wasu daga cikin raurawar maganaɗisu suna da sauri daidai da na bugun zuciya. Wasu suna zargin raguwar sinadarin melatonin mai daidaita barci, wasu suna zargin jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya ba da sanin mutum ba. A 2019 wani gwaji a cibiyar Caltech ta Amurka ya nuna cewa igiyoyin ƙwaƙwalwar wasu mutane suna sauyawa idan aka juya maganaɗisu mai ƙarfin na duniya a kewaye da su, su kuwa ba su ji komai ba. Wannan ya buɗe ƙofa, amma tsakanin ƙwaƙwalwa ta lura da abu da kuma jijiya ta toshe akwai tafiya mai nisa da ba a nuna matakanta ba tukuna.

Dalili na biyu yana cikin lissafin kansa. Guguwar maganaɗisu ta fi yawa a kusa da Maris da Satumba, lokacin da yanayi ke juyawa, zafi da sanyi suna musanya, ƙura da mura suna tashi ko suna sauka, don haka raba tasirinta da na yanayi aiki ne mai wuya ko ga ƙwararru. Bayan haka, ma'aunan abin da rana ke yi suna da yawa, cututtukan da za a duba suna da yawa, kuma mai bincike yana iya duba ranar guguwar ko washegari ko bayan kwana uku, maza ko mata, tsofaffi ko matasa. Wanda ya gwada haɗi ɗari, wasu za su dace ko da babu komai a ƙasa, faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma binciken da ya ga wani abu ya fi saurin samun shiga mujalla fiye da wanda bai ga komai ba. Alamar wannan matsala ita ce sakamakon ba ya fuskantar gabas ɗaya. Yayin da wasu suka ce haɗari yana cikin ranakun guguwa, likitan zuciya Eliyahu Stoupel ya shafe shekaru yana wallafa cewa mutuwar fuju'a da rikicewar bugu sun fi yawa a ranakun da maganaɗisu ya fi kwanciya. Binciken Hufuf kuwa, mata 16 masu lafiya ne a gari ɗaya, kuma abin da aka auna canjin bugu ne, ba cuta ba.

Ko an karɓi adadin Feigin yadda yake, ya kamata a san abin da yake nufi. Kashi 19 cikin ɗari yana nufin inda ake sa ran mutum 100 za su kamu, a samu 119, a ranakun guguwa kaɗai, waɗanda ba su da yawa a shekara. Hawan jini kuwa, wani nazari da aka yi a ƙasashe 32 ya ɗora masa alhakin kusan rabin duk shanyewar ɓarin jiki, kuma yana tare da mai shi kullum, ana auna shi a kowace saidaliyya, wato kantin magani, ana kuma da maganinsa. A ganina, hukuncin da hujja ta yarda da shi shi ne cewa wataƙila guguwar maganaɗisu tana ɗan tura wanda ya riga ya tsaya a bakin rami, tura ƙanƙanuwa da sai an tara alƙaluman miliyoyin mutane ake hango ta, kuma ta cancanci a ci gaba da bincikenta da tsari mai tsauri, inda za a rubuta tambayar tun kafin a buɗe alƙaluman. Babu wata babbar ƙungiyar likitocin zuciya da ta sa hasashen guguwar rana cikin ƙa'idojin kula da majinyaci, kuma bango ko rufin gida ba ya tare maganaɗisu, balle a ce zama a ɗaki kariya ne.

Inda labarin guguwar ke iya cutarwa a zahiri shi ne idan ya zama bayanin da ake kwantar da hankali da shi. Mutum ya ji nauyi a ƙirji yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe masa, sai wani ya ce ai an ce yau rana ta yi aman wuta, kowa ma jikinsa ba daɗi, a kwanta zuwa gobe. Tsokar zuciyar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun. Lambar motar agaji ta Hilal Ahmar ita ce 997, a yankunan Makka da Riyad kuma 911 ma tana aiki.